Takunkumin Layi Na Sha Huɗu

Shafi na 19

Kun gani, kuka kau da kai.

Jiya na kawo muku yadda ƙwai ɗari huɗu da tamanin suka dahu a cikin injin ƙyanƙyasa, aka ɗauki laifin kacokam aka ɗora wa dattijon da ke haɗa wayoyi. Me na tarar a ƙasan shafi? Wannan yana dariyar dafaffen ƙwai, waccan tana tambaya ko shugaban sashe zai ce yana son Auta, 'yar dattijon. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba, shin wa ya duba ƙwaƙwalwar injin? Halinmu ke nan. In laifi ya faɗa kan mai baƙin mai a hannu, sai mu ce Allah ya kyauta, mu wuce. To yau babu wucewa.

*

Ƙarfe tara saura kwata Auta na zaune gaban kwamfutarta, shayinta ya huce ba ta ko kurɓa ba. Ƙarfe goma Mai Kamfani zai zauna a kan maganar mahaifinta. Takardar sallama tun jiya aka buga ta, sa hannu kawai ya rage.

Shekara ashirin da biyu mahaifin nata, Baba Dalma, ya yi yana haɗa wayoyin injinan ƙyanƙyasa a bencin da ke bayan ofis. Ita kuwa watanta huɗu kacal a ɗakin masu rubuta manhaja, inda ake tsara wa injin tunaninsa, yaushe zai kunna hita, yaushe zai kashe, yaushe zai juya ƙwai.

Idonta na kan layi na sha huɗu na manhajar.

Shi wannan layin ba da injin yake magana ba. Da kompaila yake, wato tafintan da ke juya rubutun mutum zuwa yaren inji. Abin da yake ce masa shi ne, in za ka haɗa aikin nan, ka tashi Maigadi. Maigadi kuwa ɗan agogo ne a cikin ƙwaƙwalwar injin. Duk daƙiƙa biyu yana jiran manhaja ta amsa masa. In ta sandare ba ta amsa ba, sai ya kashe komai har hita, ya tashe ta daga farko.

Da safen nan ta tarar da wata alama, sanduna biyu a karkace, a gaban layin. Duk layin da aka sa wa su, kompaila tsallake shi yake yi kamar babu shi. A ɗakin nan sunan abin takunkumi.

Ƙofa ta buɗe. Shugaban sashe ya shigo yana juya makullin mota a ɗan yatsa. Nan-Take ake ce masa, don ba a taɓa kawo masa matsala ta kwana a hannunsa ba.

"Ƙanwata, kin zuba wa kwamfuta ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Lafiya?"

"Lafiya lau, Shugaba. Na cire takunkumin layi na sha huɗu."

Makullin ya tsaya cak.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Ina cirewa kompaila ya yi jan rubutu. Ya ce wannan umarnin ba ya cikin waɗanda ya sani, ba zai haɗa ba."

"To kin gani. Mayar masa da abinsa."

"Ban mayar ba. Littafinsa na buɗe."

"Littafi!" Ya yi dariya. "Shafi dubu da wani abu? Ke da wa?"

"Shafi ɗaya na karanta. Tsohon kompaila da sabon ba bakinsu ɗaya ba. Umarnin daidai yake a wurin tsohon, shi sabon da wata siga yake karɓarsa. Na sake rubuta masa yadda yake ji. Minti ashirin ne. Ya haɗa, ko tari bai yi ba."

"Madalla. Sai ki tura, a wuce wurin."

"Shugaba, layin Maigadi ne."

Ta nuna masa layin da yatsa.

"Wata huɗu ke nan duk injin da ya fita daga gidan nan ba shi da Maigadi. In aka ɗauke wuta aka tada janareta, ƙwaƙwalwar takan sandare. In ta sandare hita na kunne, a kunne za ta zauna har sai wani ya zo. Abin da ya dafa ƙwan Hajiya Mai Kaji ke nan. Ba wayar Baba ba ce."

Nan-Take ya koma ya tura ƙofa da ƙafa. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya rage murya.

"Kin buɗe kundi?"

Kundi shi ne inda kwamfuta ke ajiye duk canjin da aka yi wa manhaja, da ranar, da sunan wanda ya yi.

"Na buɗe."

"Sunan wa kika gani a kan sandunan nan?"



"Nawa."

Ta tuna ranar sarai. Kwananta uku da fara aiki. Tsohuwar kwamfutar da ake haɗa manhaja a kanta ta mutu, aka kawo sabuwa da sabon kompaila. Mota na tsaye a waje tana jiran injina ashirin, direba sai danna hon yake yi. Ta danna haɗawa, jan rubutu ya fito. Ta ɗaga hannu kamar tana aji, ɗakin ya kwashe da dariya. Daga can kusurwa Nan-Take ya ɗaga murya, ko juyowa bai yi ba.

"In ya yi haushi, sa masa takunkumi. Haka muke yi a nan."

Ta sa. Ja ya koma kore. Aka tafa mata, aka ce ta zama 'yar gida.

Ba ta tambayi me layin yake yi ba. Ita da ta fito ta ɗaya a ajinsu, ita da malamai ke nuna wa na baya. Tsoron kar a ce baƙauyiya ce ya hana ta buɗe baki.

"Kai ka ce in sa," in ji ta.

"Ni? A ina? Nuna min a kundi." Ya ware hannuwa. "Ƙanwata, baki ba ya barin sawu. Yatsa ne ke bari."

"Subhanallahi."

"Tsaya ki ji, ba faɗa muke ba. Ni mai son ki da alheri ne. Baba ya tsufa, ko ba yau ba dama ya kusa hutawa. Zai buɗe ɗan shagonsa, ya riƙa gyara fanka da dutsen guga, hankalinsa kwance. Ke fa? Shekara talatin ke gabanki. In aka ji kin dafa wa mutane ƙwai, wane kamfani zai ba ki ko share tebur? Irin wannan labarin kafin ki isa ya riga ki zama."

"Sai in bar shi ya tafi da sunan mai ganganci?"

"Ki gyara a ɓoye, ki tura. Injinan gaba za su fita lafiya. Shi kansa Baban in kika tambaye shi haka zai ce miki."

Ya miƙe, ya daki kafaɗar kujerarta.

"Ƙarfe goma ba a gayyace ki ba. Ki zauna ki sha shayinki."

*

Ta tarar da Baba yana naɗe kayan aikinsa a tsumma. Filaya, abin yankan waya, ƙarfen dalma da hannunsa ya cinye saboda riƙo. Kowanne sai ya goge shi kafin ya ajiye.

"Auta, me ya kawo ki nan? Za ki ɓata rigarki."

"Baba, aron hannunka nake so."

"Hannun da aka ce ya lalace?"

"Shi fa. Bod biyu nake so a kan katako ɗaya. Ɗaya wanda aka ciro daga injin Hajiya, kar a taɓa masa komai. Ɗaya sabo, zan zuba masa manhajar da na gyara. A wurin hita ka sa wa kowanne fitila. Filogi ɗaya."

Bod shi ne koren farantin da ƙwaƙwalwar injin ke zaune a kai. Baba ya dube ta ta saman tabarau.

"Kar ki shiga maganar nan, Auta. Aikinki sabo ne. Mahaifiyarki har yanzu ba ta gama ba maƙwabta labarin ɗaukarki ba."

"Baba, ka yarda kai ne?"

Ya daɗe yana juya ƙarfen dalma a hannunsa.

"Sau uku na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ban ga kuskure ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Amma masu ilimi sun ce akwai. Wataƙila idon ne. Mutum ba ya sanin ranar da ya fara lalacewa, sai an gaya masa."

Nan ne abin ya soke ta. Ba takardar ba. Wannan mutumin da ke gane waya mai ciwo da warinta kawai, yau an sa shi yana zargin idonsa.

"Idonka lafiya lau, Baba. Minti nawa za ka haɗa?"

"Me za ki yi da shi?"

"Minti nawa?"

Ya kwance tsumman da ya naɗe.

"Ke ma kin san ba zai kai sha biyar ba. Miƙo min jar wayar can. Sauran ki ƙarasa da kanki in an kira ni, ai kin iya ɗaure fitila."

*

Ofishin Mai Kamfani dogon tebur ne da kujeru shida da fanka mai ƙara. Hajiya Mai Kaji, wadda ƙwanta ya dahu, ta riga kowa zuwa. Ta ɗora kiret ɗaya na ƙwan a tsakiyar teburin, daidai kan takardunsa.

"Hajiya, da an sauke shi ƙasa..."

"A'a, Yallaɓai, a nan zai zauna. Kwana goma sha takwas ina leƙa su safe da yamma kamar mai jinya. Saura kwana uku su fito. Na ce a sayar min da uwar kaza, aka sayar min da tukunya."

Mai Kamfani ya goge goshi, ya dubi Nan-Take.

"Muna ji."

"Yallaɓai, abin a bayyane yake. Wayar hita ce aka haɗa ba daidai ba. Ba mugunta ba ce, shekaru ne. Ita manhaja ta ci gwaji kafin ta fita, ga takardar."

"Baba, kana da magana?"

Baba Dalma ya cire hularsa ya riƙe a gwiwa.

"Yallaɓai, in an ce ni ne, to..."

"Ba shi ba ne."

Auta ce a bakin ƙofa. Kwamfutar hannu rataye a kafaɗa, katako a hannu biyu, wayoyi na reto, kofin ruwan zafi a saman katakon yana tururi.

"Wa ya kira ki?" in ji Mai Kamfani.

"Ba wanda ya kira ni, Yallaɓai. Minti biyar nake roƙo. In ban nuna komai ba, a haɗa ni da shi a takarda ɗaya."

"Yallaɓai, 'yarsa ce," Nan-Take ya yi sauri. "Tausayi ne ke damunta. A bar ta ta je ta huta."

"A bar ta dai ta shigo," in ji Hajiya. "Ni ba inda za ni. Kajin da zan koma in duba ga su nan a kiret."

Auta ta ajiye katakon.

"Na hagu daga injin Hajiya aka ciro shi. Na dama sabo ne. Duka biyun Baba ne ya haɗa wayarsu, iri ɗaya. Fitilar nan ita ce hita. In ta kama, ana dumama ƙwai. In zafi ya kai, dole ta mutu."

Ta soka filogi. Fitilu biyu suka kama. Ta ɗauki ma'aunin zafi na kowanne, ɗan ƙarfe a bakin waya, ta tsoma a kofin. Nan da nan fitilun suka mutu tare.

"To!" Nan-Take ya tafa hannu. "Ta yi min aikina. Manhaja lafiya lau."

"Wannan shi ne gwajin da muke yi, Shugaba. A ɗaki mai sanyi, wuta ba ta motsi. Hajiya, ranar da abin ya faru an ɗauke wuta?"

"An ɗauke da rana tsaka. Muka tada janareta, ya yi tari sau biyu kafin ya kama."

Auta ta zare ma'aunan daga ruwa, ta goge su, ta jira suka huce. Fitilun suka dawo.

"Baba, yi mana tarin janareta."

Dattijon ya matso. Ya kama filogin da yatsa biyu, ya ɗan zare, ya mayar. Fitilu suka kifta. Ya sake. Ya sake.

"Wasan yara," in ji Nan-Take. "Yallaɓai, lokaci..."

A karo na biyar lambobin da ke tafiya a ɗan gilashin bod ɗin hagu suka tsaya cak. Na dama ma suka tsaya.

"Ku duba na dama," in ji Auta. "Ɗaya. Biyu."

Gilashin dama ya yi duhu, ya farfaɗo, lambobi suka ci gaba da tafiya. Na hagu ko motsi.

Ta tsoma ma'aunan biyu a ruwan zafi.

Fitilar dama ta mutu.

Ta hagu tana nan tana ci.

Fanka kaɗai ke ƙara. Mai Kamfani ya kalli agogonsa, ya kalli fitilar. Minti ɗaya. Minti biyu. Ya miƙa yatsa ya taɓa ta, ya janye da sauri.

"Haka ta yi ta ci a kan ƙwaina?" in ji Hajiya a hankali.

"Har sai da kika zo kika zare, Hajiya."

"Innalillahi."

Auta ta yi musu bayanin Maigadi a taƙaice, da layi na sha huɗu, da jan rubutun da sabon kompaila ya yi, da sanduna biyun da aka toshe masa baki da su maimakon a karanta abin da yake faɗa.

"Wato abin ya yi magana," in ji Mai Kamfani. "Ya ce ga matsala."

"Ya faɗa, Yallaɓai. Da jan rubutu."

"Gyaran fa?"

"Layi ɗaya ne. Minti ashirin, har da karanta littafi."

Mai Kamfani ya ajiye biro a hankali.

"Wa ya sa sandunan?"

Nan-Take ya jingina da kujera. Ya dubi Auta, ya ɗan ɗaga gira. Kallon nan yana cewa, ga ramin, in kin isa ki faɗa.

Ta dubi mahaifinta. Yana tsaye riƙe da hula, fuskarsa ta fara washewa, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Bai san abin da ke tafe ba.

Ta juya kwamfutar hannunta, ta tura ta gaban Mai Kamfani.

"Ga kundi, Yallaɓai. Ga rana, ga suna. Ni ce."

Hular Baba ta faɗi ƙasa.

"Auta?"

"Ni ce, Baba. Kwanana uku da zuwa. Ya yi ja, na rufe masa baki, ban tambayi me yake yi ba. Ƙwan Hajiya a hannuna ya dahu. Wayarka ba ta da laifi, idonka ba shi da laifi."

"Kash," in ji Nan-Take yana girgiza kai. "Yaran yanzu. Yallaɓai, wallahi ban sani ba. Ka san sabon hannu, sai ka yi ta bin sa..."

"Ban gama ba, Shugaba."

Ta danna wani wuri. Jerin layuka ya cika fuskar kwamfutar.

"Da na ga nawa, sai na ce bari in ga ko ni kaɗai ce. Arba'in da ɗaya ne, Yallaɓai. Layi arba'in da ɗaya masu takunkumi a manhajarmu. Mafi tsufa shekararsa shida, lokacin ina makaranta. Nawa ɗaya ne, kuma na ɗauka, ba zan raba shi da kowa ba. Amma ban zo da shi daga gidanmu ba. A nan na tarar ana yi, har suna gare shi, har tafi ake yi wa wanda ya iya."

"Sauran arba'in ɗin me suke yi?" in ji Mai Kamfani.

"Ban sani ba tukuna. Babu wanda ya sani. Abin tsoron ke nan."

Mai Kamfani ya sa tabarau, ya bi sunayen da ke gefen layukan da yatsa. Yatsan ya yi ta sauka, suna ɗaya yana ta maimaituwa. Bai ɗago ba ya ce,

"Nan-Take. Ashe haka ake yin nan take."

Baba Dalma ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe ta, ya sa a kai.

"Yallaɓai, a ba ni izini."

"Bismillah, Baba."

"Ni ban san sanduna ba, ban san tafintan inji ba. Waya na sani. A sana'armu kowa yana haɗa ba daidai ba wata rana, har wanda ya koya min. Amma yaron da zai dawo da ƙafarsa ya ce maigida, ni na ƙona, shi ake ba makullin shago. Na yi yara sun fi talatin a bencin can. Biyu ne kawai suka taɓa yi."

Ya juya wajen Hajiya.

"Hajiya, kin gan ta? Autata ce. Ni na haife ta."

"Na gan ta, Baba." Hajiya ta gyara mayafi. "Ita ta dafa min ƙwai, ba zan ce ban ji haushi ba. Amma a duk ɗakin nan ita kaɗai na yarda ta sake taɓa min inji. Ke 'yar nan, zo nan. Goge idonki, ba a kuka a gaban maza masu sanduna arba'in."

Auta ta yi dariya da hawaye a fuska.

Mai Kamfani ya ɗaga kiret ɗin, ya zaro takardar sallama daga ƙarƙashinsa. Ya karanta ta sau ɗaya. Ya yaga ta biyu, ya sake yagawa.

"Baba, ka yafe mana. Na kusa sa hannu a kan abin da ban bincika ba. Koma bencinka."

"Na yafe, Yallaɓai. Dama ban gama naɗe kayan ba."

"Injina nawa suka fita da wannan manhajar?"

"Sittin da uku," in ji Auta. "Na fitar da sunayen masu su da lambobinsu. A kira su yanzu, kafin a sake ɗauke wuta. Duk wanda ya zuba ƙwai ya sa mutum kusa da injin, in lambobi suka tsaya ya zare ya mayar. Ni da Baba za mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu zuba gyaran. Minti goma ne kowanne."

"Maƙwabciyata shekaranjiya ta zuba," in ji Hajiya, ta riga ta zaro waya. "Kuma ni na kawo ta nan da bakina."

"Ku je," in ji Mai Kamfani. "Baba, ɗauki motar kamfani, ka fara da ita. Hajiya za ta nuna maka gidan."

Baba ya nufi ƙofa. Da ya zo daidai Auta sai ya tsaya, ya gyara mata wata waya da ta karkace a kan katakon.

"Fitilar dama ba ki ɗaure ta sosai ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma ba laifi."

Ya fita ƙirji a gaba, Hajiya na biye da shi tana magana a waya.

Auta ta ɗauki kwamfutarta za ta bi su.

"Ke tsaya," in ji Mai Kamfani. "Kai ma zauna. A rufe ƙofa."

Ta rufe. Ya jawo farar takarda, ya cire murfin biro.

"Dattijo ya fita, alhamdulillahi. Amma ƙwai ya dahu, kuma injina sittin da uku suna waje da sunana a jikinsu. Yau sai wani ya amsa."

Auta ta tsaya ƙyam, hannu a baya. Ta riga ta faɗi nata, ba abin da ya rage mata na ɓoyewa. Rabon da ta ji ƙirjinta sakayau haka tun safe.

Nan-Take kuwa gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro wayarsa, ya ɗora ta a kan tebur. Ya daɗe yana lalube kafin ya juya ta wajen Mai Kamfani.

"Yallaɓai, kafin ka rubuta sunan kowa. Ranar da mota ke jira a waje, na kira ka na ce sabon kompaila yana ba mu matsala, a ƙara mana kwana biyu. Ka turo min saƙon murya."

Biron ya tsaya a sama.

"Ban goge shi ba," in ji Nan-Take. "In kunna?"

*

Kai da ke riƙe da waya kana karantawa, kar ka rubuta min "wayyo Baba" ka wuce. A wurin aikinka akwai abin da ya yi maka magana ka toshe masa baki don kawai ya daina damunka, kuma ka san shi, yanzu haka ya faɗo maka a rai. Ajiye wayar nan ka je ka buɗe shi. Karanta abin da yake faɗa har ƙarshe. In ka tarar da sunanka a kai, ka faɗa da bakinka tun ba a kori wani a madadinka ba. Tashi yanzu.